Mikiya, Tauraro da Gammo: Yadda Ake Karanta Tambarin Sojan Najeriya

Duk wanda ya saba bin Kakuri a garin Kaduna ya san barikin sojojin igwa da ke can, wanda direbobi da 'yan acaba ke kira Kalapanzi. Kaɗan ne cikin masu ambaton sunan kullum suka san cewa ba Gbagyi ba ne, ba Hausa ba ne, ba kuma sunan wani Bature ba ne. Kalapanzin kogi ne a yammacin ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, kuma a kwarinsa ne sojojin Najeriya suka gwabza da na Japan a ƙarshen 1944. Daga can aka ɗauko sunan aka raɗa wa barikin, don kada a manta da waɗanda suka je da waɗanda ba su dawo ba.

Haka sha'anin soja yake. Ba ya maƙala abu a hularsa, ko a kafaɗarsa, ko a ƙofar barikinsa a banza. Kowane tsuntsu, kowace dabba, kowane launi yana faɗin wani abu: daga wace runduna mutum ya fito, mene ne aikinsa, wa ke gaba da shi, wane yaƙi magabatansa suka yi. Mu mazauna kudancin kogin Kaduna kuwa muna cikin waɗanda suka fi kowa cuɗanya da waɗannan alamomi. Ga bariki a Kakuri, ga masana'antar ƙera makamai ta DICON da aka kafa tun 1964, ga shingayen bincike a hanyoyin da ke fita gari, ga tsofaffin sojoji da suka ajiye kaki suka gina gidajensu a Narayi da Sabon Tasha da Unguwar Romi. Muna ganin alamomin safe da yamma, amma ba mu iya karanta su ba. Rashin iya karatun nan kuma ba ƙaramin abu ba ne, domin inda babu sani, jita-jita ce ke cike gurbin.

Asalin abin ba ado ba ne, larura ce. A Turai, tun ƙarni na 12, mayaƙa kan shiga filin daga sanye da kwalkwalin ƙarfe da ya rufe fuska ruf, ba a gane na gida daga abokin gaba. Sai kowane gida ya zaɓi zane da launi ya sa a garkuwarsa. Abin ya bunƙasa har ya zama ilimi mai ƙa'idoji, har Ingila ta kafa hukuma ta musamman a Landan a 1484 don rajistar irin waɗannan tambura. Babbar ƙa'idarsu ita ce a ɗora launi mai haske a kan mai duhu, ko mai duhu a kan mai haske, don a hango daga nesa cikin ƙura.

Ƙasar Hausa ba ta jira Turai ta koya mata wannan ba. A jihadin da aka fara a 1804, tuta ce shaidar izini. Wanda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba tuta, shi ne ke da ikon jagorantar yaƙi a yankinsa: Malam Musa a Zazzau, Ummarun Dallaje a Katsina, Yakubu a Bauci, Buba Yero a Gombe, Modibbo Adama a Fombina. Har yau da wannan ake ƙirga darajar masarautu da dama. Ku riƙe maganar tutar nan, don ita ce za ta warware mana wani ƙulli nan gaba.

Abubuwa uku da ke goshin kowane soja

Babban tambarin Rundunar Sojan Ƙasa ta Najeriya abu uku ne a haɗe: mikiya a sama, tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci.

Mikiyar ba ta da wata rigima. Ita ce dai wadda ke saman tambarin ƙasa da aka amince da shi a 1960, bisa baƙar garkuwa da fararen dawaki biyu. Tana nufin ƙarfi da kaifin gani, da iya faɗa wa abu daga sama ba tare da kuskure ba. Abin lura shi ne wurin wa ta gada. A zamanin Turawa, kambin sarautar Ingila ne ke zaune a inda take. Bayan Najeriya ta zama jamhuriya a 1963, aka cire kambin, aka cire kalmar da ke jingina rundunar ga Sarauniya, mikiya ta hau. Shi ya sa manjo a sojan Ingila ke sa kambi a kafaɗa, takwaransa na Najeriya kuma mikiya.

Tauraron ne ake yawan yi wa mummunar fahimta. Alwatika biyu ne aka sarƙa, ɗaya na kallon sama, ɗaya na kallon ƙasa. Na sha jin mutane, musamman matasa a waya, suna cewa tauraron Yahudawa ne, har da masu ƙulla labarin cewa wata maƙarƙashiya ce aka shirya wa Musulmi. Ba haka ba ne. Ƙasar Isra'ila da tutarta a 1948 suka zo, wannan tauraro kuwa yana kan kuɗin da kakanninmu ke kashewa tun 1907. Anini, wato kashi ɗaya cikin goma na kwabo, da shi kansa kwabon mai huda a tsakiya, duk suna ɗauke da shi, kuma a ɗaya gefen akwai rubutun Larabci da ke faɗin darajar kuɗin. Daga 1914, lokacin da aka haɗe Arewa da Kudu, har zuwa 1960, shi ne a tutar Najeriya ta mulkin mallaka: koren tauraro cikin jan da'ira, da kambi a tsakiyarsa.

To, daga ina ya fito? Lugard, wanda Hausawa ke kira Gwamna Lugga, ya ba da amsa da kansa shekaru bayan ya bar ƙasar. Ya rubuta cewa a murfin wata kyakkyawar butar tagulla ya ga zanen, kuma sojojinsa ne suka kwaso butar a ganima lokacin da suka ci Kwantagora, a zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, a 1901. Ke nan daga gidan sarkin Musulmi na Arewa zanen ya fito. Malaman zaure ma ba baƙonsu ba ne: hatimin Annabi Sulaimanu suke ce masa, kuma ya daɗe yana yawo a ƙasashen Musulmi, a jikin tsofaffin kuɗin Maroko, a ƙofofi, a kayan tagulla. Ma'anar da rundunar ke ba shi a yau ita ce haɗin kan Najeriya, ɓangare biyu da aka sarƙa ta yadda in ka zare ɗaya, tauraron ya rushe.

Sai rubutun. Yana cewa *Nasrun minallah*, wato nasara daga Allah take. Larabci ne tsantsa, kalmomin suna cikin Suratus Saffi. A nan ya bambanta da rubutun da ke jikin manyan takardun naira, wanda Hausa ce aka rubuta da ajami, ba abin da take faɗa illa adadin kuɗin. Mutane kan haɗa su wuri ɗaya. A 2020 ma wani lauya ya je Babbar Kotun Tarayya a Legas yana neman a cire duka biyun, bisa hujjar cewa Najeriya ba ta da addinin gwamnati.

Wanda ya ga rubutun ya ji ba daɗi, yana zaton wasu shugabanni Musulmi ne suka cusa shi bayan samun 'yanci, ya kamata ya ji tarihinsa. A ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Turawa suka ci Sakkwato, a filin Giginya, wanda barikin sojan Sakkwato ke ɗauke da sunansa yanzu. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas, aka bi shi har Burmi, inda ya yi shahada a watan Yuli na shekarar. A cikin waɗannan yaƙe-yaƙe ne tutar daular ta faɗa hannun Turawa, ta zauna a wurin sojojinsu shekaru 57, sai a 1960 aka mayar da ita ga Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Masu bin tarihin rundunar sun nuna cewa daga jikin tutar masu kare Sakkwato aka ɗauko kalmomin, kuma Turawan ne suka ɗauko su. Tsohuwar al'adar soja ce: in ka ci abokin gaba da ya nuna jarunta, ka ɗauki alamarsa ka riƙe.

Akwai ɗaci a cikin wannan labari, ba zan ɓoye ba. Yawancin waɗanda suka harba bindiga a Giginya da Burmi ba Turawa ba ne. Hausawa ne da Yarabawa da sauran 'yan ƙasa da aka ɗauka aiki, Turawa ƙalilan na ba su umarni. Rundunar da muke da ita yau ta samo tushe ne daga mutum 18 da Laftanar John Glover ya tara a 1863, waɗanda aka riƙa kira Hausawan Glover. Saboda haka tambarin nan yana ɗauke da ɓangarori biyu na tarihinmu lokaci ɗaya: na waɗanda suka yi wa Bature yaƙi, da na waɗanda suka yaƙe shi.

Abin da ya sa na tsaya a kan wannan shi ne halin da garinmu ke ciki. Tun rikice-rikicen 2000 da 2002 kogin Kaduna ya zama iyaka a zukatan mutane. Da yawa sun kwashe kayansu sun haye, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. A irin wannan gari, wani a wancan ƙetare ya dubi tauraron ya ce an yi wa Musulunci zagon ƙasa, wani a wannan ƙetare ya dubi rubutun ya ce ana musuluntar da soja. Dukansu tambari ɗaya suke kallo, dukansu kuma ba a ba su labarinsa ba. Ana iya muhawara a kan ko ya dace a canza shi, wannan haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne. Amma a yi ta bisa sani. Ni dai a ganina, kalmar cewa nasara daga Allah take ba ta wani ɓangare ba ce. Ku shiga kowace majami'ar da ake sujada da Hausa a Unguwar Television ko Sabon Tasha ranar Lahadi, da sunan Allah za ku ji ana roƙo, kuma uwar da ɗanta ke bakin daga a Sambisa, ko Maryamu ce ko Maryam, abin da take faɗa ke nan.

Tutar rundunar kuwa ja ce da baƙi. Bayanin da sojoji ke bayarwa shi ne, ja launin da ake zana abokan gaba da shi ne a taswirar yaƙi, baƙi kuma launin gargajiya ne na mahaya dawaki da magadansu, masu tankokin yaƙi.

Gizo da gammo a dajin Bama

Kafin mikiya, bajon da sojan Najeriya ke sawa a hula bishiyar kwakwar manja ce. Ita ce alamar rundunar da Turawa suka kafa a 1897 don Afirka ta Yamma, wadda daga baya ta haɗa sojojin Najeriya, Gwalkwas wato Gana ta yau, Saliyo da Gambiya. Tsofaffin hotuna na nuna su da jar dara mai tuntu, da 'yar jar shara, da jan ɗamara, da gajeren wandon kaki. Hausa ce harshen bariki a lokacin, har Turawan ma sai sun koya.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, aka tara waɗannan sojoji cikin manyan rundunoni biyu a 1943, ta 81 da ta 82, aka zuba su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga nan Bama. Kowace ta zaɓi alamar da za a ɗinka a hannun riga, kuma a nan ne, a ganina, aka yi tambura mafi ma'ana a duk tarihin sojanmu.

Runduna ta 81 ta ɗauki baƙin gizo-gizo a kan ƙyalle ruwan ɗorawa. Kwamandanta, Manjo Janar Woolner, ya ɗauko shi daga tatsuniyoyin Ashanti, inda ake kiransa Ananse, ɗan ƙaramin halitta da ke kayar da manya da dabara. Bahaushen da aka ɗinka wa wannan a hannu bai buƙaci tafinta ba, don shi ma da Gizo da Ƙoƙi aka raine shi. Alamar ta dace da aikin da suka yi. An tura su kwarin Kaladan, inda babu hanyar mota, suka sare daji da adda da gatari suka fitar da hanya mai tsawon kusan mil 75, daga baya ma suka bar motocin gaba ɗaya, jiragen sama ke jefo musu abinci da harsashi.

Runduna ta 82, wadda birged biyu cikin ukunta na Najeriya ne, ta ɗauki māsu biyu a gicciye, sun ratsa ta cikin gammo. I, gammon da kuka sani, na ɗaukar kaya a ka. Dalili kuwa shi ne, a cikin waɗannan rundunoni akwai dubban sojoji da ba a ba su bindiga ba. Aikinsu dako. Su ke ɗaukar akwatunan harsashi, da sassan ƙananan igwa, da na'urar sadarwa, da buhunan abinci, su hau tsaunukan Arakan da su cikin ruwan sama da laka. Su ke ɗauko wanda aka harba a kan makara, su ke share filin da ƙaramin jirgi zai sauka ya kwashe marasa lafiya. Harsashin Japan bai bambanta su da masu bindiga ba, zazzaɓi da atuni ma haka. Saboda su ne rundunonin Afirka ta Yamma ke iya ratsa inda alfadari ma ba ya bi, su ɓullo wa abokin gaba ta inda bai zata ba.

A duniyar tambura, kowa zaki yake nema, ko damisa, ko takobi. Da wuya ka ga rundunar da ta yarda ta sa kayan aikin ɗan dako a hannun rigar janar ɗinta. Wannan ta yi, kuma gaskiya ta faɗa: mashi ba ya isa inda za shi sai da gammo. Yawancin masu dakon nan 'ya'yan talakawa ne daga ƙauyukan Arewa da tsakiyar ƙasar, Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya, wasu da son ransu suka shiga, wasu hakimai da dagatai ne suka cika adadin da aka yanka musu da su. Ba a rubuta sunayen akasarinsu a littattafan tarihi ba. Wannan bajo shi ne kusan kaɗai abin da ya shaide su.

Ita runduna ta 82 ce ta gangara kwarin Kalapanzin a watan Disambar 1944, ta karɓe garin Buthidaung, sannan ta haye tsaunuka ta haɗu da ta 81, suka kama Myohaung a watan Janairun 1945. Wanda ke bin labaran duniya zai gane yankin: jihar Rakhine ce ta yau, inda aka yi wa Musulmin Rohingya kisa da kora a 2017. Buthidaung na cikin garuruwansu. Daga nan aka ci gaba da fafatawa a Dalet, Tamandu, An da Letmauk.

Ku sake karanta sunayen nan, za ku ga taswirar barikokin Najeriya ce. Dalet na Kawo, a arewacin garin nan. Myohaung da An suna Yaba a Legas, Tamandu da Arakan suna Apapa, Letmauk na Ibadan. Barikin Chindit na Zariya, inda ake horar da kurata, ya samo sunansa daga wata runduna ta musamman da aka riƙa saukewa a bayan layin Japan a 1944, wadda bataliyoyin Najeriya uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, suka yi aiki a cikinta. Alamarta wani dodo ne mai siffar zaki da ke gadin ƙofar wuraren ibada a Bama. Bukavu na Kano kuwa daga aikin kiyaye zaman lafiya na Kwango ya zo, a farkon shekarun 1960. Lambobin 81 da 82 su ma ba su mutu ba: rundunar da ke Legas da wadda ke Inugu su ke ɗauke da su yanzu, shi ya sa za ku ga lambobinsu sun yi nisa da na sauran rundunoni.

Abin takaici, yaro zai gama firamare da sakandare a Kakuri ko Makera, yana wuce ƙofar barikin kullum, ba wanda ya taɓa gaya masa wannan. 'Yan mazan jiya da suka je Bama sun kusa ƙarewa. Allo ɗaya a bakin ƙofa, da Hausa da Turanci, mai bayanin sunan da shekarar, ba zai ci wa rundunar komai ba.

Tutar bataliya, da dabbobin yau

Ban da tambari, manyan ƙungiyoyin soja suna da tutarsu ta girmamawa, wadda shugaban ƙasa ke miƙa musu. A kanta ake saƙa sunayen yaƙe-yaƙen da aka yarda sun yi fice a ciki. Sojan Najeriya ya gaji jerin irin waɗannan sunaye tun daga Duala da Garwa da Banyo a Kamaru a Yaƙin Duniya na Ɗaya, zuwa Habasha, zuwa Bama. Ba a fito da ita sai da masu gadi ɗauke da makami, kuma kowane soja, komai girmansa, yana sara mata. In ta tsufa ba a yar da ita, ajiye ta ake yi cikin daraja. A watan Afrilun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya miƙa sababbin tutoci ga ƙungiyoyin soja masu yawa a Dandalin Eagle da ke Abuja.

Sojojin igwa, irin maƙwabtanmu na Kakuri, suna da tasu al'ada da aka gada daga Ingila: a wurinsu igwar kanta ita ce tuta. Shi ya sa ba a zama a kanta, ba a jingina da ita, kuma barin ta a hannun abokin gaba shi ne babban abin kunya. Ja da shuɗi ne launukansu na gado.

Manyan rundunonin yau kuma da dabbobi aka fi saninsu. Ta 3 da ke Jos, mai tankoki, karkanda ce alamarta, dabba mai kaurin fata da ke tunkarar abu gaba-gaɗi. Ba sai an yi dogon bayani ba. Ta 2 a Ibadan damisa. Dakarun da ke tsaron fadar shugaban ƙasa kunama, ƙarama amma ba a taɓa ta a kwana lafiya. A lokacin yaƙin basasa, rundunar Kanar Benjamin Adekunle da ta yi yaƙi a bakin teku da fadamun kudu ta yi amfani da wata dabbar ruwa mai hannuwa takwas, don nuna tana kai hannu ta ko'ina. Launin hula ma magana ne. Ja ta 'yan sandan soja ce, masu hukunta sojan da ya karya doka. Baƙa ta masu tanki ce. Shuɗiya mai haske kuwa ba ta Najeriya ba ce, ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce, ana sa ta ne kawai lokacin aikinta.

Igiya da anini

Wanda zai fi yi wa mai karatu amfani a rayuwar yau da kullum shi ne karatun muƙami. Ƙananan sojoji da igiya ake gane su, wato layukan nan masu kusurwa. Farabiti ba shi da ko ɗaya. Igiya ɗaya las kofur, biyu kofur, uku saje. Uku da mikiya a samansu, babban saje ne. Sama da su akwai samanja da manyansa, waɗanda su ne ƙashin bayan bariki, har ƙaramin hafsa ma da ladabi yake musu magana, don sun girme shi a aiki nesa ba kusa ba.

Hafsoshi kuma anini ne a kafaɗa, wato ɗan ƙaramin tauraro. Ɗaya ƙaramin laftanar, biyu laftanar, uku kyaftin. Daga nan mikiya ta karɓa: ita kaɗai manjo, da anini ɗaya laftanar kanar, da biyu kanar, da uku birgediya janar. In kun ga takobi da sanda a gicciye ƙarƙashin mikiya, manjo janar ne, irin wanda ke shugabantar Runduna ta 1 a nan Kaduna. Ƙarin anini a kan wannan shi ke kai wa laftanar janar da cikakken janar. Daga kanar zuwa sama ne ake sa jan ƙyalle a wuyan riga, su ne masu jan wuya da kuke ji.

Sanin wannan yana rage wa mutum wahala. A shingen bincike, in magana ta ƙi ci da mai igiya ɗaya, ba gardama za ka tsaya yi ba. Ka duba cikin natsuwa wa ya fi shi a wurin, ka nemi a kai ka gare shi. Ka lura da sunan da ke ƙirjin riga, da bajon runduna a hannu, da lambar mota. In akwai ƙorafi daga baya, waɗannan ne za a tambaye ka a bariki, kuma ofishin masu jar hula shi ne wurin kai shi.

Amma kada sanin ya rufe muku ido. Bajo ƙyalle ne da zare, kowane tela mai keken saƙa zai iya yin sa. Mutanen da suka kuɓuta daga hannun masu garkuwa a hanyar Abuja da dazuzzukan Chikun da Kajuru sun sha ba da labarin cewa waɗanda suka tare su kakin soja ne a jikinsu. Sau da yawa abin da ke tona asirin na bogi shi ne rashin daidaito: igiya a hannu da anini a kafaɗa lokaci ɗaya, riga iri ɗaya wando wani iri, silifas ko takalmin roba a ƙafa, babu suna, babu motar hukuma a kusa. Sojan gaske an hore shi a kan waɗannan ƙananan abubuwa tun yana kurtu a Zariya, ana hukunta shi a kan maɓalli ɗaya.

Dokar ƙasa ta hana farar hula sa kakin soja ko alamominsa ba da izini ba. Iyaye su ja kunnen samarin da ke sayen wando ko hula mai dabbare-dabbare a gwanjo don gayu, saboda abin da suke ɗauka ado yana iya ja musu kamu, a lokacin tashin hankali ma ya fi haka muni. Teloli da masu saƙar bajo a kasuwannin Kakuri da Sabon Tasha su ma su nemi katin shaida kafin su ɗinka wa baƙo mikiya ko igiya, in ya ƙi nunawa su mayar masa da kuɗinsa.